Burtalin da Kakana Ya Ƙi Yi wa Shinge

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin ranar sadakar uku abubuwa suka fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne saboda ina tsaye a bakin zaure ina miƙa kwanukan gumba waje, agogon bangon zauren kuma yana saitin idona. An idar da la'asar, maza sun koma kan tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, Liman ya ɗaga hannu zai sake yi wa kakana addu'a. Sai wata a-kori-kura ta taho ta tsaya a gefen tabarmin, bayanta cike da dirkokin siminti da naɗin waya mai ƙaya. Direban bai ko kashe motar ba. Ya leƙo ta taga ya ce:

"Salamu alaikum. Nan ne gidan marigayi Hedimasta? Alhaji ne ya ce in kawo kayan shingen. A bakin burtalin zan sauke, ko a nan?"

Hannun Liman ya tsaya a sama. Baffana, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya tashi da sauri har ya bar takalmi ƙafa ɗaya, ya je ya sunkuya a tagar motar yana magana ƙasa-ƙasa. Amma kowa ya riga ya ji. Burtalin da direban ya ambata hanyar shanu ce da ta ratsa gefen gonar kakana, daga bakin titin Dutse zuwa tafkin da ke gindin dutsen ƙauyenmu. Duk wanda ke zaune a wurin ya san tsawon rayuwarsa bai yarda an kafa ko ƙaya ɗaya a kanta ba. Ga shi ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, waya ta iso.

Ardon Fulanin da ke bayan dutse, abokin kakana tun suna samari, yana gaba-gaba a kan tabarma. Ya jira Liman ya ƙarasa addu'ar, ya shafa, ya ɗauki sandarsa da malafarsa, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Mu kuma Allah ya ba mu haƙurin abin da zai biyo baya." Mutanensa suka miƙe suka bi shi. Gumbarsu tana nan a kwano, ba su taɓa ba.

Kafin in koma cikin gida labari ya riga ni shiga. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, wadda awakinta a gefen burtalin suke kiwo, ta dafe ƙirji ta ce, "To ni yanzu a ƙafar gadona zan ɗaure su?" Wasu matan suka fara dariya, sannan suka tuna gidan makoki ne, suka haɗiye. Iya kuwa, kakata, tana ƙuryar ɗaki cikin lulluɓinta na takaba. An faɗa mata. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da jan carbi.

Tun ranar rasuwar ina sauraron abin da masu gaisuwa ke faɗa a kansa. Tsofaffin ɗalibansa da suka zo daga sakatariya cikin motocin ofis sun ce shi Bature ne a baƙar fata, domin ba ya makara kuma ba ya karɓar uzuri. Wasu samari, irin waɗanda suka cika masallaci da zafi a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, na ji ɗayansu yana cewa, "Mutumin kirki ne, Allah dai ya yafe masa son Nasara." Duka biyun ba su san shi ba. Ni ba mai iya magana a cikin taro ba ce, muryata tana maƙalewa. Shi ya sa nake rubutawa, don kada abin da zai saura a bakin mutane ya zama wannan kawai.

Baba Tsoho muke ce masa. A hannunsa na tashi, domin mahaifina ya rasu ina goye. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka shi "Uwata" yake kirana, Iya kuma, da ba ta iya faɗin sunan surukarta, "Uwar masu gida". Ɗan gidan malamai ne. Mahaifinsa yana da makarantar allo, shi kuma shi ne yaron da aka cire daga cikin 'yan'uwansa aka kai elamantare lokacin da aka ce kowane babban gida ya ba da ɗa. Ya zama malamin makaranta. Kafin a ba mu mulkin kai aka tura shi kwas na shekara ɗaya a Ingila. Shekara ɗaya tak, amma sauran rayuwarsa bai gama ba da labarinta ba.

In ka ce "Bature" a gabansa, sai ya tambaye ka, "Wanne?" Ya ce a tsibirin nan kaɗai akwai Ingilishi, akwai mutanen Sikotilan, akwai na Wales, ga na Ailan a ƙetaren ruwa, kuma in ka kira ɗaya da sunan ɗaya ka jawo wa kanka faɗa. Su kansu Ingilishin, in ji shi, tarin baƙi ne da suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo ya danne wanda ya tarar, sannan ya auri 'yarsa. Wannan labarin ya fi son ba Ardo, in sun zauna a gindin darbejiya da yamma.

"Na ƙarshen da suka ci ƙasar daga Faransa suka ƙetaro da dawakansu," in ji shi. "Suka karɓe sarauta, suka karɓe gonaki, suna yarensu a fada talaka ba ya ji. Da aka daɗe sai suka manta yaren, suka koma yin na talakawan. Kamar dai 'yan'uwanka na birni, Ardo, da ko gaisuwa ba su iya da Fillanci ba."

Ardo ya gyara zama ya ce, "To ka gani. Ko a can ma sai da baƙi suka zo sannan aka iya mulki."

"Aka iya karɓar haraji dai."

"Kaɗo ba ya godiya," in ji Ardo, ya miƙo masa ƙwaryar nono.

A wani gari na arewacin ƙasar aka sauke shi, garin masaƙu, inda hayaƙin kwal ke sa farar riga ta yi baƙi kafin azahar. Gidan wata bazawara ya zauna, wadda mijinta ya mutu a yaƙi, ita kuma ƙarar injin saƙa ya kusa kashe mata kunne. Ya ce satin farko bai gane ko rabin abin da take faɗa ba, shi da ya ci jarrabawar Turanci da yabo. Turancin Di'o, Baturen mulki, daban, nata daban. Da ya ba ta labarin Di'on ƙasarmu, da yadda ake zubewa a gaishe shi, sai ta ce masa ita ma irin waɗannan sai dai ta hango su a cikin mota, ba su taɓa taka layinsu ba.

"A can, Uwata, mutum ya buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya, an san gidan da ya fito, an kuma san iyakar inda zai kai," in ji shi. "Waɗanda suka mulke mu, su ne suka fara mulkar nasu. A kansu suka koya."

Duk da haka, ya ce, matar nan tana da hoton Sarauniya a saman murhu, kullum sai ta goge shi. Tana alfahari da daular da ba ta ba ta ko buhun kwal kyauta ba. Na taɓa tambayarsa ko wannan ba wauta ba ce. Ya ce wadda ta ba ƙasa mijinta, ba shi ne zai gaya mata yadda za ta so ƙasar ba.

Akwai abubuwan da ya ɗauko daga wurinsu bai ɓoye ba. Shayi da madara bayan la'asar, ba burodi. Bin layi: in ya je famfo da butarsa sai ya tsaya a bayan yara, su kuma kunya ta kama su, su dare, shi kuma ya ƙi wucewa, har layin gaba ɗaya ya tsaya cik ana roƙonsa. Da kuma "na gode". Kowa yana yi wa godiya, har Iya in ta ajiye masa tuwo. Ita kuwa har ya rasu ba ta saba ba. Takan dube shi ta ce, "Me kuma na yi?" Akwai kuma abin da bai taɓa yafe musu ba: a layin da ya zauna wani tsoho ya mutu a ɗakinsa, sai da kwalaben madarar da ake kawo masa kullum suka taru a ƙofa sannan maƙwabta suka lura. Duk lokacin da ya ba da wannan labarin sai ya yi salati.

Amma babban abin da ya dawo da shi, mahaifin matar nan ne ya ba shi. Tsohon yana hayar wani ɗan fili a bayan layin dogo, bai fi tsakar gidanmu ba, yana shuka kabeji. Baba Tsoho, da kewar gona ta dame shi, ya riƙa binsa yana taya shi. Wata rana tsohon ya tambaye shi, a ƙasarku ina talaka yake kiwon dabbarsa? Ya ce masa a makiyaya, da gefen burtali, da gonaki bayan an yi girbi. Tsohon ya ce, filin na wa? Ya ce na kowa. Tsohon ya daina haƙa, ya dafa shebur, ya ce, "Mu ma mun taɓa samun irin wannan."

Ranar Lahadi ya sa shi a bas ya kai shi ƙauyen kakanninsa. Baba Tsoho ya ce bai taɓa ganin ƙasa mai kyau haka ba: kore shar, an yanka ta gida-gida da shingen itatuwa da katangar duwatsu, tumaki a ciki kamar an zuba auduga. Ya yi ta yabawa. Tsohon ya bar shi ya gama, sannan ya ce masa wannan abin da kake yabo, shi ya kore mu. A da can filin na gari ne. Mai saniya ɗaya ya kai ta, mai agwagi ya kai su, mace ta yi itacenta. Sai manyan masu ƙasa suka je majalisa aka yi musu doka, aka turo masu awo, aka raba. Wanda ke da takarda ya samu gwargwadon takardarsa. Wanda ba shi da komai sai al'adar kakanni, ya tashi a banza, ko ya samu ɗan abin da kuɗin yi masa shinge ya fi ƙarfinsa, ya sayar. Saniya ta tafi, madarar yara ta tafi, mutane suka kwashi 'ya'yansu suka nufi masaƙa.

"Ba wanda ya zare takobi, Uwata," in ji shi. "Da doka aka yi. Komai a rubuce, komai da sa hannu. Kuma gonakin sun ƙara albarka, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai waɗanda suka ci albarkar ba su ne waɗanda aka kora ba."

Da ya dawo ya gaji gonar mahaifinsa, burtalin yana cikinta. A wurin dagaci da kowa, ƙasar gidanmu ce, shanu dai an saba bari su wuce. Wasu maƙwabtan da nasu gonakin ke kan hanyar sun riƙa cin ta kaɗan-kaɗan, kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi. Shi kuwa ya ƙara ja da baya ya faɗaɗa ta.

Ba a kyauta ya yi wannan ba, kuma yawanci Iya ce ta biya. Gayaunarta tana dab da burtalin. Wata shekara ina firamare, shanu suka kauce suka shiga, suka cinye mata wake ana saura kwanaki a roro. Ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba, ta ce ko dai ya sa a jibge ƙaya a gefen nan, ko ita ta sa. Ya ce ba za a sa ba, domin ƙaya yau, katanga gobe. Daga nan ta daina yi masa magana, sai ta bakina. Muna zaune mu uku a tsakar gida, tsakaninsu bai fi taku biyu ba.

"Uwar masu gida, faɗa wa ɗanki, waken da zai ci bana yana cikin shanun abokinsa. Ya je can ya karɓa."

Ni kuwa in sunkuyar da kai, in rasa inda zan sa kaina.

"Uwata, faɗa wa surukarki, takin da ya sa waken ya yi kyau ma daga cikin shanun ya fito."

"Faɗa masa in taki ake ci, gobe shi zan tuƙa masa."

Haka aka yi ta yi har Ardo ya zo da kansa da mai shanun, suka ba da haƙuri, Baba Tsoho kuma ya auna mata daga nasa waken. Ta karɓa, ta sake aunawa a gabansa. Ƙayar dai ba a sa ba. Daga ranar, duk lokacin da ya fara labarin tsohon mai kabeji, sai ta ce, "An tafi Ingila," ta ɗauki kujerarta ta matsa. Amma ba ta taɓa matsawa inda ba za ta ji ba.

Da aka ƙirƙiro jiha, Dutse ta zama babban birni, ƙasa ta canza suna ta koma fuloti. Aka zuba wa titinmu kwalta. Masu awo suka cika ko'ina da ƙarafansu. Bakin burtalin, da yake ya taɓo titi, ya zama wuri mafi daraja a duk abin da gidanmu ya mallaka. Baffa ya zo ya durƙusa a zaure, ina bayan ƙofa ina shara, ya yi bayani a hankali: ga yara sun taso, ga albashi ba ya zuwa a kan kari, ga masu so suna ta zuwa. A yanki bakin titin kawai, shanu su zagaya.

"Su zagaya ta ina?"

"Baba, ai za su samu hanya. Nan fa ba Ingila ba ce."

"Ingilar ma da can ba Ingila ba ce," in ji Baba Tsoho. "Ƙauye ne kamar wannan, har ranar da wani ɗa mai hankali irinka ya ce shanu su zagaya."

Baffa ya tashi ransa a ɓace. Sun yi watanni gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

A wata kaka cikin shekarun nan rikici ya tashi tsakanin manoma da makiyaya a wasu garuruwan gabas da mu, labari yana ta zuwa. Samarin ƙauyenmu suka yi shawara su toshe burtalin da itace kafin baƙin garke su iso. Baba Tsoho bai yi musu wa'azi ba. Da hantsi ya sa na ɗauko masa kujerarsa ta katako da rediyonsa, ya je ya zauna a tsakiyar bakin hanyar. Samarin suka iso da gatura suka tarar da shi. Yawancinsu shi ya koya musu baƙi. Ya dubi na gaban ya ce, "Kai, har yanzu ba ka iya gaisuwa ba?" Suka durƙusa suka gaishe shi, gatura a hannu. Ya ce tunda sun zo, su tsaya a gefen gonaki su kare amfanin mutane har shanu su wuce. Haka aka yi. Garke ya bi ta hagunsa da damansa, ƙura ta rufe shi, yana zaune yana jin labarun rana. Ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba. Da ya dawo gida Iya ta dube shi fari fat da ƙura ta ce, "Yau kam ka zama Baturen."

Yana da kuskurensa, kuma babba ne. Da shari'a ta zo, Liman ya same shi ya ba shi shawara mai kyau: ya tara shaidu ya furta cewa burtalin waƙafi ne, a rubuta a gaban alƙali, yadda bayan ransa ba mai taɓa shi. Ina hutu daga jami'a a lokacin. Na tattara duk ƙarfin halina na ce, "Baba, ka yarda mana." Ya ƙi. Ya ce waƙafi kyauta ce, mutum kuma ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Ranar da ya sa hannu cewa ya bayar, ranar ya yarda cewa dā nasa ne shi kaɗai, maƙwabtan da suka cinye nasu ɓangaren kuma sun yi daidai ke nan. Ya ga abin da takarda ta yi wa mutanen tsohon mai kabeji, har ya kasa yarda cewa takarda tana iya yin kariya. Liman ya girgiza kai ya ce, "Malam, kai kana da gaskiya, amma gaskiyarka ba ta da magaji."

Damina na ƙarewa ya kwanta. Aka kai shi asibiti a Jahun, bai yi sati ba Allah ya karɓi abinsa, da safe, bayan ya sha shayinsa ya yi wa ma'aikaciyar da ta kawo godiya. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da faɗi kamar yadda ya bar wa bayin Allah faɗi.

Motar nan ta koma da kayanta a ranar, amma maganar ba ta koma ba. Ashe tun yana asibiti Baffa ya yi magana da wani Alhaji mai son kafa gidan bulo a bakin titi, direban ne ya yi gaggawa. Aka sa ranar rabon gado bayan sadakar arba'in. Ni ba ni da kaso, domin mahaifina ya riga kakana rasuwa. Ba ni da ko hurumin zama a wurin. Abin da nake da shi tambaya ce guda: za a toshe hanyar ko za a bari?

Na tambayi Baffa, idona a ƙasa. Bai yi fushi ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Uwar masu gida, ni ma ubana ne. Na ji kunyar ranar nan har yau ba na iya kallon Ardo. Amma ƙannenki tara ne a gidana. Abin da Allah ya raba ba ni zan hana a raba ba." Na tambayi Liman. Ya ce gaskiya ne mutane suna tarayya a ruwa da ciyawa, amma wannan ƙasa ce mai mai ita, marigayi bai furta waƙafi ba, alƙali kuma da abin da ya tabbata yake aiki. In magada sun bari, sun samu lada. In sun sayar, ba su ci haram ba. Na je har ruga. Ardo ya sa aka dama mini fura, ya tambaye ni karatu, ya ce sun fara duba wajen Buji ko za su samu inda za su koma. Da na yi masa tambayar sai ya ce shi baƙo ne a maganar gidan wani.

Iya kaɗai ban tambaya ba. A ganina na san amsarta, na sha isar da ita da bakina.

Ana gobe rabo, da hantsi, na shiga ɗakinta da tsintsiya. Tana zaune a kan tabarma, faifai a cinyarta, tana tsince wake. Ta rame. Na share inda ba datti, na sake sharewa.

"Uwar masu gida, ƙasan ɗakin nan za ki huda? Kin zagaye gari kina tambayar kowa, har ruga an gan ki. Ni ce ba ki ga mutum ba?"

Na zauna. Sannan na ce, "Iya, za a toshe?"

"Nawa ne rabon matar mamaci in akwai 'ya'ya? Ke ce mai karatu."

"Tumuni, kashi ɗaya cikin takwas."

"To na aika wa alƙali, na kuma kira baffanki jiya na faɗa masa a gaban ƙannensa. Tumunina a burtalin za a yanka mini, daga bakin titi har tafki. In ya fi tumuni, a cire cikon daga gayaunata. Ina so in ga ɗan da zai yi jayayya da uwarsa a gaban alƙali tana cikin takaba. In an gama kuma Liman zai kawo shaidunsa a rubuta shi waƙafi, ni ba ni da taurin kan ɗanki, zan dangwala hannu a duk inda aka ce."

Na ajiye tsintsiyar. Na ce, "Amma Iya, ke ce kika ce a sa ƙaya."

"Na ce, kuma da ya dawo yau zan sake cewa. Wakena ne."

"To me ya sa?"

Ta tsince wani ƙwaro ta jefar, ta karkaɗe faifan.

"Ni ban san Ingila ba, ban kuma ga abin da zai kai ni ba. Amma tun ina amarya nake jin labarin mutanen nan, mai saniya ɗaya, da mai agwagi, da matar da ke yin itace, har na san su kamar 'yan ɗakinmu. Ba wanda ya tsaya musu. An riga an kore su sau ɗaya a can. Ba za a sake korarsu a gonata ba."